Ƙin Tashi: Kwamfutar Kawu da Littafin Bashin Oyingbo

Kalmomi kaɗan ne a Hausa suka kai "tashi" ɗaukar kaya. Mai barci yakan tashi, tsuntsu yakan tashi, kasuwa takan tashi idan rana ta faɗi, ayari yakan tashi daga zango tun da jijjifi, gari ma yakan tashi idan rijiyoyinsa suka ƙafe, balle hankali wanda shi tashinsa ba ya jiran lokaci. Da mota ta shigo ƙasar Hausa, kakanninmu ba su sha wahalar nema mata kalma ba, sai suka ce ta tashi ko ta ƙi tashi. Injin niƙa da janareto da suka biyo baya, duk a wannan sahu aka jera su. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da kwamfuta ta zo ta tarar da kalmar tana jiran ta. Ana danna maɓalli, fitila ta kama, fanka ta juya, amma abin da ake sauraro ya bayyana a fuskarta bai bayyana ba, sai mai ita ya ce ta ƙi tashi.

Bature shi daga takalmi ya aro tasa kalmar. Yana da wani zance na mutumin da ya kama madaurin takalminsa wai zai ɗaga kansa sama, wato abin da hankali ba zai ɗauka ba, daga nan ne ya yanko "boot". Ya kuwa yi daidai, domin akwai ɗaure kai a cikin al'amarin: na'urar ba ta iya karanta komai sai da manhaja, ita kuma manhajar tana kwance cikin rumbun da sai an karanta shi za a same ta. Tamu kalmar ta fi daɗin faɗa, sai dai tana da illa guda. A wajen Bahaushe, wanda aka tasa, aka sake tasa, bai motsa ba, abin da ke biyo baya salati ne da neman likkafani. Shi ya sa da yawa daga cikinmu suke ɗaukar kwamfutar da ta ƙi tashi a matsayin gawa, alhali kuwa sau da yawa ƙalau take, hanya ce kawai ta ɓace mata.

Mu da muke duba kundayen ɗalibai mun san lokacin wannan annoba. Da zarar an sanar da ranar miƙa kundi, sai ɗalibi ya yi sallama a ofis, fuska a yamutse, ya ce, "Allah gafarta Malam, na kai ta an yi mata fomatin an sa sabuwar Windows, yanzu kuma ta ƙi tashi." Idan aka bi diddigi, akan tarar cewa a sa'ar da ta ƙi tashin, babi huɗu ko biyar ɗin nan suna nan daram, babu abin da ya taɓa su. Maganin da aka ɗura mata daga baya, cikin firgici, shi ne yake shafe su. Wannan ne ya sa muka ga dacewar kawo labarin wata kwamfuta da muka gani da idonmu a Ikko, wadda ba kundi ne a cikinta ba, amanar mutane ce.

Oyingbo tana cikin Ebute Metta, jifa kaɗan daga Iddo inda tsohon layin dogo ya tuƙe. Tun da aka haɗa Ikko da Kano da dogo a 1912 kayan Arewa suka riƙa sauka ta wannan kusurwa, kuma duk inda kaya suka sauka, nan Bahaushe yake shimfiɗa tabarmarsa. Yarabawa suna da karin magana a kan girman wannan kasuwa, cewa ita ba ta sanin wanda bai zo ba. Gininta na yanzu mai hawa-hawa a 2015 aka buɗe shi, amma ciniki bai yarda ya zauna cikin gini ba, ya malalo har bakin titi. Da yawa daga cikin Hausawan da ke neman abinci a nan ba a nan suke kwana ba. Wasu Agege suke komawa, tsohon zangon fataken goro, inda aka haifi jikoki da tattaɓa-kunnen da ba su taɓa ganin ganuwar Kano ba amma Hausa ce a bakinsu. Tun watan Oktoba na 2024, da jirgin ƙasa na Jan Layi ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Agbado da Oyingbo, kilomita 27 da tasha takwas, mutumin Agege ya samu damar ratsa Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba ba tare da ya tsufa a cikin danfo ba.

Kawunmu yana cikin waɗannan. Shekara talatin da ɗoriya ke nan yana sayar da wake da gero da busasshen barkono a Oyingbo, yana kwana a Agege. A damunar 2025 aikin tattara labaran baka daga bakin tsofaffin zangon ya kai mu Ikko, muka sauka a gidansa. Ciniki irin nasa rabinsa a kan bashi yake tafiya. Dillalai a Dawanau su ɗora masa kaya a mota ba su karɓi ko sisi ba sai ya sayar, shi kuma ya rarraba wa matan Yarabawa masu tebur, buhu biyu nan, rabin buhu can, su riƙa biya da kaɗan-kaɗan. A da, wani dogon littafi mai baƙin bango ne yake riƙe da wannan duka, a rubuce da ajami. Da ido ya fara rauni sai ɗansa, wato taubashinmu, wanda ya yi difloma a fannin akanta, ya kwashe lissafin ya zuba a Excel cikin wata kwamfutar cinya tokumbo. Shekara huɗu ba a sake ɗora alƙalami a kan littafin ba. Wanda ake bi da wanda ke bi, ranar da aka karɓa da abin da ya saura, duk suna ɗaki guda a cikin rumbun na'urar, ɗakin da Windows take kira D.

Sai na'urar ta yi nauyi, kafin ta buɗe shafi guda mutum ya sha shayi ya wanke kofi. Taubashin namu ya kai ta wajen wani mai gyara. Mai gyaran ya buɗe ta, ya ga babban batirinta ya kumbura har yana tura allon rubutu sama, ya cire shi, ya ce a riƙa amfani da ita a jikin wuta kafin a sayi sabo, kuma wannan shawara ce ta gaskiya. Ya wanke ɗakin C, ya zuba sabuwar Windows 10, ya bar ɗakin D kamar yadda aka roƙe shi, ya kunna ta a gaban mai ita ta tashi sarai. Aka biya shi, aka zare waya daga soket, aka sa ta a jaka. Da aka iso shago aka jona, sai baƙar fuska da 'yan kalmomin Turanci: "No bootable device". Ma'ana, babu abin da za a tashi da shi. Aka nemi mai gyaran a waya, ya ce shi a gabansu ta tashi, kuma ya yi tafiya sai mako mai zuwa.

Washegari da hantsi muka bi Kawu zuwa shagon. Muka tarar da taubashin namu a durƙushe bayan buhunan wake, kwamfutar a kan kujera 'yar tsugunno, wani filash mai ɗauke da Windows da ya aro a maƙale a gefenta, wayarsa kuma a jingine tana nuna bidiyon wani mutum yana koyar da gyara. Ya yi ƙoƙarin sake zuba Windows da kansa, amma manhajar zubin ta ƙi, ta ce ba za ta sauka a wannan rumbu ba domin tsarinsa MBR ne. Mai bidiyon kuwa yana da magani: a danna Shift da F10, a rubuta "diskpart", a zaɓi rumbun, a rubuta "clean", sannan a juya shi zuwa GPT. Yaron ya riga ya rubuta kalmar farko. Kawu ya dube mu ya ce, "Malam, kai da ka yi karatu, zo ka ga abin da abokin wasanka yake shirin yi mini. Tun jiya nake ce masa ya bari." Yaron ya ce, "Yaya Dakta, layi biyu ne kawai ya rage ta tashi." Muka ce, "Ɗaga hannunka tukuna. Idan ka gama layin nan biyu za ta tashi, amma ita kaɗai za ta tashi, babu Dawanau babu Iya mai barkono."

Ya kamata a nan mu ɗan tsaya mu dubi abin da ke faruwa tsakanin danna maɓalli da bayyanar Windows, domin wanda bai san wannan ba a cikin duhu yake lalube. A ayarin fatake na da, akwai madugu akwai jagaba. Madugu shi ne uban tafiya, amma ba shi yake fara farkawa ba. To, a cikin kwamfuta ma akwai wata 'yar ƙaramar manhaja da ba a rumbu take kwana ba, a jikin babban allon na'urar aka dasa ta tun daga masana'anta, fomatin ba ya taɓa ta. Ita ce jagaba. Da wuta ta shiga, ita take fara tashi, ta ƙirga dabbobi: ƙwaƙwalwar aiki tana nan, allon rubutu yana nan, rumbu yana nan. Sannan ta nufi masaukin madugu, wato Windows, ta ƙwanƙwasa, ta miƙa masa ragama, ta koma gefe. Idan ta je inda ta saba samun sa ba ta same shi ba, ba ta da wayon zagaya zango tana cigiya. Dawowa take yi ta ce babu kowa, ko da kuwa yana ɗaki na gaba yana jiran ta da takalmi a ƙafa.

Matsalar ita ce jagaban nan iri biyu ne, kuma kowanne da ƙofar da ya sani. Tsohon shi ne BIOS, wanda ya zo da kwamfutar IBM ta 1981. Shi bakin ƙofar rumbu kawai yake dubawa, wato yanki na farko mai bayit 512, wanda ake kira MBR, tsarin da aka shigo da shi a 1983. A cikin wannan ɗan wuri, bayit 446 umurnin tashi ne, 64 taswirar ɗakunan rumbun ce, biyun ƙarshe kuma hatimi ne da ke shaida cewa wurin na gaskiya ne. Ƙanƙantar taswirar ce ta sa ba ta ɗaukar manyan ɗakuna fiye da huɗu, ba ta kuma iya lissafin rumbun da ya wuce terabayit biyu. Sabon jagaban shi ne UEFI, wanda ya zama ruwan dare daga 2012, lokacin da aka fara sayar da na'urori masu tambarin Windows 8. Shi bai damu da bakin ƙofa ba. Wani ɗan ɗaki na musamman yake nema, wanda Windows takan yanka masa kamar megabayit 100, ta ɓoye shi daga idon mai na'ura, a kan rumbu mai taswirar GPT, wadda take ɗaukar ɗakuna har 128, take kuma ajiye kwafinta a ƙarshen rumbun saboda tsaro. Na'urorin da aka ƙera a shekarun sauyin nan suna ɗauke da jagaban biyu, sabon ne a kan aiki, amma ana iya ce masa ya yi irin tafiyar tsohon, abin da ake kira Legacy ko CSM. Windows da aka zuba ta hanyar tsohon ba za ta amsa sallamar sabon ba, haka nan wadda aka zuba ta hanyar sabon ba ta san muryar tsohon ba.

Kalmar "clean" kuwa da mai bidiyo yake tallatawa, ba ɗaki guda take sharewa ba. Taswirar gidan gaba ɗaya take yagewa, C da D da duk wani lungu, ba ta kuma tambayar ko mutum ya tabbata. Gaskiya ne a wannan matakin akan iya ceto wani abu da manhajojin tono, amma da zarar an zuba sabuwar Windows a kai, an yi gini ke nan a kan kabari. Mai bidiyon bai yi ƙarya ba, maganinsa yana aiki, sai dai ya ɗauka duk mai kallonsa ya riga ya kwashe kayansa. Ashe ƙin da manhajar zubin ta yi a daren jiya shi ne ya tsare wa Kawu dukiyarsa. Masu iya magana sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Abin da muka yi bai kai a kira shi gwaninta ba, tambayoyi ne bi da bi, daga mai arha zuwa mai tsada, kuma kowacce ba ta taɓa rumbun. Muka kashe na'urar, muka zare filash ɗin, domin sau da yawa shi kaɗai ne mai laifi: jagaba ya tarar da baƙo a gaba a jerin ƙofofin da zai bi, ya tsaya a kansa. Muka sake kunnawa, saƙon bai sauya ba. Amma kafin ya fito, wani gajeren rubutu ya gifta, yaron ya kai hannu zai danna Enter kamar yadda ya yi ta yi tun jiya. Muka riƙe hannun. Rubutun yana cewa ne agogon na'urar ya ɓata, an mayar da saituna yadda suke daga masana'anta. Tun jiya take faɗin ciwonta, ba a tsaya an saurare ta ba. Daga nan muka shiga ɗakin jagaban kansa. Kowane kamfani da maɓallinsa: Dell F2, HP F10, Lenovo F1 ko F2, ana danna shi a kai a kai da zarar an kunna. Tambayar farko a can ita ce, shin tana ganin rumbun? Ga shi kuwa, da sunansa da girmansa. Da ba ta gan shi ba, da zancen ya koma na waya da ta kwance ko rumbu da ya mutu, wannan kuma wani karatu ne daban.

Sai kwanan wata. Na'urar tana rantsuwa cewa ranar 1 ga Janairu ce, ta wata shekara da ta daɗe da wucewa. A jikin babban allon kusan kowace kwamfuta akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, yawanci CR2032, faɗinsa milimita 20, kaurinsa 3.2, ƙarfinsa bolt uku. Aikinsa riƙe agogo idan an ɗauke wuta, kuma a na'urori da yawa, idan jagaba ya farka ya ga agogo ya tsaya, sai ya ƙi amincewa da duk saitunan da aka yi masa, ya koma kan na haihuwa. Na Kawu ya daɗe da mutuwa, babban batir ne yake rufa masa asiri. Da aka cire babban, ba abin da ke riƙe da ƙwaƙwalwar jagaban sai wutar soket. A nan ne labarin ya warware kansa. Wanda ya fara sayar da na'urar ya zuba mata Windows ta tsohuwar hanya, a kan MBR. Mai gyara ya tarar da haka, ya saita ta a Legacy, ya zuba sabuwa, ta tashi a gabansa domin tana jone. Ana zare waya ta manta, ta koma UEFI, tambarin Windows 8 da ke manne a ƙasanta ma shaida ne cewa da shi aka haife ta. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Muka gyara kwanan wata. Muka kashe Secure Boot, wato matsarin da ke hana duk wata manhajar tashi da ba ta da sa hannun da aka amince da shi, domin muddin yana kunne ba a samun Legacy. Muka kunna Legacy, muka sa rumbu a farkon jeri, muka adana, muka fita. Na'urar ta yi shiru na ɗan lokacin da ya ishi mutum ya karanta Ƙulhuwallahu, sannan 'yan ɗigon nan suka fara zagaye. Kawu bai ce komai ba sai da aka buɗe ɗakin D, aka buɗe shafin, ya sa aka karanta masa sunan wata mata da ta karɓi buhu uku kafin Sallah da abin da ya rage a kanta. Da ya ji adadin ya yi daidai da wanda ke kansa, sai ya ce, "Alhamdu lillahi. Malam, Allah ya yi maka albarka. Kai kuma kada ka kuskura ka taɓa wayar nan." Ya fahimci abin da ya fi muhimmanci, domin a wannan hali, ɗaukewar wuta guda ta isa ta mayar da mu inda muka fito. Nan take aka kwafe fayilolin a filash biyu, aka kuma tura su ta imel zuwa wayar yaron.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, ba kuɗin da yake bi ne suka hana Kawu barci ba. Ya ce matan nan da yawansu za su kawo da kansu, wadda ta ci kuma ita da Allah. Abin da yake tsoro shi ne ya tsaya gaban mutanen Dawanau ya ce bai san nawa suke bin sa ba, ko ya faɗi adadin da ya gaza nasu, a ɗauka da gangan ya yi. Ya tuna mana cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Shi a ganinsa rubutun da ba a iya ɗauka a buɗe a gaban shaidu ba tare da an nemi izinin wutar lantarki ba, bai gama zama rubutu ba. Ba mu yi masa gardama ba.

Ba kuma za mu bi sahun masu zagin masu gyara ba. Wanda ya yi wa Kawu aiki ya san Legacy, ya kiyaye ɗakin D, ya faɗi gaskiya a kan batir, agogo ne kawai bai duba ba. Abin da muke ƙi shi ne al'adar nan da ta mayar da fomatin tamkar fanadol, ciwon kai shi, ciwon ciki shi. Ƙin tashi bayan sabon zubi yana da dalilai da ba su da yawa, kuma kusan dukkansu ana gane su ba tare da an share komai ba. Wani lokaci saitin hanyar da na'ura take magana da rumbu ne ya sauya tsakanin AHCI da RAID, sai Windows ta fara tashi ta faɗi da shuɗiyar fuska, maganin kuma a mayar da shi yadda yake ranar zubi. Wani lokaci rumbu biyu ne a ciki, fayilolin tashi suka sauka a ɗaya, Windows a ɗaya, aka cire na farkon. Wani lokaci fayilolin tashin ne suka lalace, a nan filash ɗin zubi yana da amfani, amma ba ƙofar zubi ake shiga ba, ta gyara ake bi, ko a sake rubuta su da umurnin "bcdboot". Gargaɗi guda ga masu sababbin na'urori: idan rumbun yana kulle da BitLocker, taɓa saitunan jagaba yakan sa a nemi mabuɗi mai lamba 48, saboda haka a nemo shi a asusun Microsoft kafin a fara. Idan kuwa duk an bi ba ta tashi ba, rumbun ake cirewa a sa shi a ɗan akwatin USB, a jona a wata kwamfutar, a kwashe kaya. Bayan nan, mai son fomatin ya yi ta yi har ya gaji.

Da azahar muka hau Jan Layi da taubashin namu muka sauka a Ikeja, muka taka zuwa Otigba, unguwar da tun shekarun 1990 ta rikiɗe ta zama kasuwar da ake kira Computer Village. Mun ɗauki hoton tsohon batirin kafin mu fito, kuma hakan ya yi amfani, domin na kwamfutar cinya sau da yawa ba tsirara yake ba kamar na agogon bango ko makullin mota, a naɗe yake cikin roba da 'yar waya mai kai biyu, kan kuma ba iri ɗaya ba ne. Wani yaro Ibo ya zazzage kwali ya zaɓo mana daidai. Kuɗinsa bai kai na kwanon wake ba. Aka sa shi da yamma, aka sake saita Legacy, aka zare waya daga soket aka bar ta har aka idar da sallar magariba, sannan aka jona. Ta tashi, agogonta daidai.

Akwai wata asara ta biyu da fomatin yake jawowa, wadda ba ta shafi Kawu ba, domin shi lissafinsa lambobi ne da sunaye, amma ta shafe mu mu mutanen wannan sashe. Kafin haruffanmu masu lanƙwasa su samu shiga kowace na'ura, sai da aka ƙera musu zubin haruffa na musamman, kamar Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990, wanda ya share wa marubuta da maɗaba'u hawaye. Irin waɗannan zubi aron gurbi suke yi: a ƙarƙashin ƙ ko ɗ ko ɓ da ido yake gani, wata alama ce daban a kwance. Sabuwar Windows ba ta zuwa da su. Saboda haka ɗalibi yakan ceto kundinsa lafiya, ya buɗe, ya tarar ƙasa ta koma "qasa" ko "}asa", ɗaya ta koma "xaya", ɓarawo ya koma "varawo", sai hankalinsa ya sake tashi ya ɗauka ƙwayar cuta ce. Babu abin da ya ɓata, zubin ne ya tafi tare da ɗakin C, mayar da shi kawai za a yi. Wanda zai fara sabon rubutu kuwa, gara ya ɗora allon rubutun Hausa da ke cikin Windows, domin haruffan suna da lambobinsu na dindindin a tsarin Unicode, ba sa sauya kama ko an kai su wace na'ura.

Kafin mu bar Ikko taubashin namu ya so a ƙarasa aiki, a juya rumbun zuwa GPT da "mbr2gpt", umurnin da Microsoft ta sa a Windows 10 tun 2017, wanda yake sauya taswira ba tare da ya share ɗakuna ba, domin na'urar ta daina dogara da Legacy. Hujjarsa mai ƙarfi ce, kuma tun da an riga an kwafe kaya babu abin tsoro. Amma ko an juya, ba za ta ɗauki Windows 11 ba, wadda take neman TPM 2.0 da injin Intel na zubi na takwas zuwa sama, ita kuwa ta girme su. A lokacin saura 'yan watanni Microsoft ta janye hannunta daga Windows 10, abin da ta yi ran 14 ga Oktoba, 2025. Yaron ya lissafa wa mahaifinsa wannan duka, ya faɗi kuɗin wata tokumbo da ya taya a Otigba. Kawu ya saurare shi har ƙarshe. Ya sa aka buga lissafin gaba ɗaya a takarda, ya ninke ya sa a tsakiyar littafin nan mai baƙin bango, ya ce haka za a riƙa yi duk Juma'a. Zancen juya rumbu da sayen sabuwa kuwa, ya ce a bari sai sabon wake ya shigo.